Kuɗin Gem Nake Tara Sadaki Da Su, An Ce Mini Na Sata Ne

Wasiƙar wannan makon daga Gusau ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne, na gama difloma aiki bai samu ba, sai yayana ya ba ni jari na buɗe shagon cajin waya. Lokacin da aka yanke sabis a Zamfara a 2021 mutane suka rasa abin kallo, sai na fara tura musu fina-finai da gem a waya daga laftof ɗina, suna biya. Daga baya na sayi injin gem na PlayStation 2 (PS2) guda biyu na hannu, na kuma sa emuleta a laftof, yara na zuwa suna buga ƙwallo. Duk gem ɗin da ke shagon daga intanet na sauke su kyauta, ko wani ya turo mini. Yanzu an sa mini rana bayan Babbar Sallah, kuma da kuɗin shagon nake tara sadaki da lefe. Sai wani abokina ustazu ya ce wanga kuɗi na sata ne tunda ban biya masu gem ɗin ba, kada in fara zaman aure da haram. Wani abokin kuma ya ce in sayi faya-fayan gem na hannu, shi ke nan na wanke kaina. Na tambayi kuɗinsu, za su cinye kusan rabin abin da na tara. Abin da ban gane ba shi ne, in na sayi na hannu kamfanin ba ya samun ko sisi, to mi ne bambancinsa da wanda na sauke? Barci ya gagare ni. Inna ba ta sani ba, yarinyar ma ban faɗa mata ba."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar da rai da lafiya.

Kuɗin nan ka bar su inda suke tukuna. Kada ka kwashi rabin abin aurenka ka kai wa mai faifai a wannan makon don kawai zuciyarka ta yi sanyi, domin kana iya biyan kuɗin kuma ka dawo gida da irin abin da kake gudu. Zan zo kan wannan. Abokan naka kowanne ya kama wata gaɓa ta gaskiya, amma sun haɗa maka abubuwa daban-daban a ƙunshi ɗaya, shi ya sa kayan suka yi maka nauyi.

Emuleta ce mai sauƙi a ciki. Tafinta ce kawai. An rubuta gem ɗin PS2 da yaren da injin PS2 kaɗai ke ji, laftof ɗinka kuwa ba ya jin ko "zo in kashe ka" a wannan yaren, sai emuleta ta tsaya a tsakani tana fassarawa. PCSX2, wadda nake zaton ita ce a laftof ɗinka, da PPSSPP da yara ke buga gem ɗin PSP (ƙaramin PlayStation na riƙewa a hannu) da ita a waya, masu sa-kai ne suka zauna suka rubuta su, suka ba duniya kyauta. Ba daga ɗakin ajiyar Sony, kamfanin da ya ƙera PS2, aka ɗauko su ba.

An ma taɓa kai maganar kotu. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta saurari Sony da wani kamfani mai suna Connectix, wanda ya yi manhajar buga gem ɗin PlayStation na farko a kwamfutar Mac. Sony ya sha kaye. Kotun ta ce bincika yadda injin wani ke aiki don ka ƙera naka da zai iya ɗaukar gem ɗinsa ba laifi ba ne. Da Sony ya ga haka sai ya sa kuɗi ya sayi manhajar ya binne ta. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bleem shi ma ya riƙa samun nasara a kan Sony a kotu, amma kuɗin lauyoyi ya durƙusar da shi a 2001. Abin dariyar, a 2018 da Sony ya fitar da ɗan ƙaramin injinsa PlayStation Classic, da aka leƙa cikinsa sai aka tarar emuleta ce ta masu sa-kai yake amfani da ita. Apple ma da ya daɗe yana hanawa, a watan Afrilu 2024 ya buɗe wa emuleta ƙofa a shagon manhajojinsa. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma ya isa ya nuna maka cewa ba a kan tafintar rigimar take ba.

Za ka iya jin wani ya ce ai Nintendo ya rufe wata emuleta. Haka ne. A watan Maris 2024 masu Yuzu suka amince za su biya dala miliyan 2.4 su kuma rufe. Amma Yuzu ta injin Switch ce, wanda ake sayarwa a kasuwa a lokacin, kuma sai an buɗe makullin da kamfanin ya sa wa gem ɗinsa kafin ta yi aiki. Nintendo ya yi zargin cewa an sauke wani sabon gem ɗinsa na Zelda fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa. Sulhu aka yi, ba a kai ga hukunci ba. Naka PS2 ne, injin da ya fito a 2000 aka daina ƙera shi a farkon 2013. Abu ɗaya kawai: PCSX2 ba ta tashi sai da wata 'yar manhaja da ake kira BIOS, ita kuma ta Sony ce. Kai kam ka yi sa'a, kana da inji biyu a shago, kana iya ciro ta daga naka.

Nauyin yana kan fayil ɗin gem ɗin kansa.

A wajen hukuma maganar ba ta da duhu sosai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1993, don haka aikin mutumin Japan ko na Amurka yana da kariya a Gusau kamar yadda na ɗan Gusau ke da ita a can. Kariyar tana kai shekara 50 ko 70, gwargwadon rukunin da aka sa aikin. Ka lissafa daga 2000: kai da amaryarka sai kun ga jikoki kafin gem ɗin PS2 na farko ya zama na kowa. Wato "an daina sayar da shi" daban, "an yafe shi" daban. Dokar ta bar 'yar kafa ga wanda ya yi amfani da aiki don kansa bisa adalci, amma inda ta sauke hannu da ƙarfi shi ne kan mai kwafa ya sayar ko ya raba don kasuwanci. Magana ce ta tarayya, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ke kula da ita, Babbar Kotun Tarayya ke shari'arta. Ba zan tsorata ka da cewa gobe za ka ga jami'ai a ƙofar shagonka ba. Ko a Amurka, waɗanda aka fi kamawa su ne masu manyan shafukan rabawa, irin ma'auratan da ke da LoveROMs, waɗanda aka ɗora wa fiye da dala miliyan 12 a 2018. Amma na lura ba tsoron kamu ne ya hana ka barci ba.

To mu je wajen ustazu. Yana da tushe. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin rubutu da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka ga akasin haka, suna cewa wanda ya kwafa bai rage wa mai abu komai a hannunsa ba, amma mafi rinjaye a wannan zamani suna kan wancan. Kuma kada wani ya ruɗe ka da "ai na Turawa ne". Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da zai bar Makka sai da ya bar Sayyidina Aliyu a baya don ya mayar wa mutanen garin ajiyarsu, alhali su ne ke neman ransa.

Inda ustazu ya zarce shi ne kalmar "sata", da kuma yi wa dukan kuɗinka kuɗin goro. Mu 'yan Zamfara mun san nauyin wannan kalma fiye da kowa. Sata a fiƙihu tana da sharuɗɗanta: a ɗauke dukiyar mutum a ɓoye daga ma'ajinta, ta bar hannunsa. Wanda ya kwafi fayil ya taɓa haƙƙin wani, wannan gaskiya ne, amma bai fasa ɗakin kowa ba. Sannan shagonka ba sana'a ɗaya ba ce. Wanda ya kawo waya ka yi masa caji, man janaretanka ya saya. Wannan kuɗi bai taɓa haɗa hanya da Sony ba.

Yanzu tambayarka, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙarka a cikin sauran. Ka ce in ka sayi na hannu kamfani ba ya samun sisi, in ka sauke ma ba ya samu, to ina bambanci? Rabin farko gaskiya ne, kuma kamfanonin sun san haka, yana musu ciwo. A 2013 Microsoft ya so ya ƙuntata sayar da gem na hannu a sabon injinsa Xbox One, mutane suka yi masa ca, kafin ma injin ya fito ya janye.

Amma ka duba ta nan. Wani malami a Talata Mafara ya rubuta littafi, ya buga kwafi dubu. Ka sayi ɗaya, ka karanta, ka sayar wa maƙwabcinka. Littattafai nawa ne a duniya? Dubu, kuma kowanne an biya malam kuɗinsa. Kai da ka sayar ka rasa naka, in kana son sake karantawa sai ka nemi wani. Yanzu ka ɗauki littafin ka kai wajen mai fotokwafi ka buga hamsin. Sun zama dubu da hamsin, hamsin ɗin nan ba wanda ya biya malam, kuma naka yana hannunka. Faifan hannu kujera ce da aka riga aka biya, wani ya tashi kai ka zauna. Fayil ɗin intanet kuwa kujera ce da aka ƙaro ba da sanin mai wurin ba, kuma ana iya ƙara ta sau miliyan kafin gari ya waye.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Me ya sa mutum ke daurewa ya sayi sabon babur mai tsada? Don ya san ranar da ta ɓaci zai fitar da shi ya sami kuɗi. Kasuwar 'yan hannu ce ke riƙe da darajar sabo. Yaron da ya sayi gem sabo a Landan a 2005 ya saya ne yana sane cewa zai iya sayar da shi ya cika ya sayi wani. Kai da kake ƙarshen layin a Gusau, kuɗinka na cikin wannan sarƙa ko da bai isa Tokyo ba.

Wannan shi ne bambancin, kuma na gaske ne. Sai dai girmansa ba ɗaya ba ne a kowane gem. Wata gidauniya ta tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta yi bincike a 2023, ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a can kafin 2010 an daina sayar da su sababbi. Mai gem ya rufe shago, bai bar maka ƙofar da za ka miƙa masa kuɗinsa ba. In ka zauna da dare bayan ka rufe shago ka buga irin wannan tsohon gem a laftof ɗinka don ka huta, a ganina abin ya yi sauƙi ƙwarai. Ban ce maka haƙƙin ya faɗi ba, amma ba za ka iya nuna mini mutumin da abincinsa ya ragu ba. Da ba don masu ajiye waɗannan fayiloli ba ma, da wasu gem ɗin sun ɓace, tunda faifai yana karcewa yana lalacewa. To amma ka lura da wani abu: gem ɗin da yara suka fi zuwa nema su ne waɗanda ba a daina sayarwa ba. Gem ɗin GTA San Andreas, alal misali, tuni kamfaninsa ya fitar da na waya, ana sayar da shi a shagon manhajoji. Wanda ka tura wa shi a waya, ciniki ne ka tare a bakin ƙofar mai shi ka karɓi kuɗin.

Bari in ba ka labarin da ya sa na ce ka riƙe kuɗinka. Shekarun baya na so in yi wa ɗan yayata kyautar gama firamare. Na shiga kasuwa, na ce da mai shago orijina nake so, ba na son jabu. Ya shiga ciki ya fito da gem a kwalinsa mai sheƙi, har da leda, ya rantse daga kayan Beljiyam ya fito. Na biya ninki uku na kuɗin na tire. Da na isa gida yaron ya buɗe, ya juya faifan, ya ɗaga shi ga hasken taga, ya ce, "Kawu, wannan ai konawa aka yi." Bayan faifan ruwan shuɗi-shuɗi ne mai ja, irin na faifan da ake saye babu komai a kai, kana ma ganin zoben inda rubutun ya tsaya. Hoton saman kuwa takarda ce aka liƙa, gefenta har ya fara ɗagowa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya gane a daƙiƙa uku abin da ni da furfurata ban gane ba.

Mafi yawan faya-fayan PS2 da ke yawo a kasuwanninmu haka suke. In ka saye su ba ka wanke komai ba, ka dai ɗauki kuɗin aurenka ka ba wani mai kwafa da ya fi ka jari. Na gaskiyar yana da alamu. Na PlayStation na farko bayansa baƙi ne. Na PS2 ko dai ruwan azurfa ne ko shuɗi sosai, kuma in ka karkata shi a haske za ka ga tambarin PlayStation a jikin bayan. Ruwan azurfa kaɗai ba hujja ba ne, don akwai jabun da aka buga a masana'anta masu wannan launi. Gwajin da ya fi inganci shi ne a sa faifan a injin da ba a taɓa yi wa cif ba, wato ba a yi masa gyaran da zai sa ya karɓi jabu ba, na yankin da faifan ya fito. In ya tashi, galibi na gaske ne. Naka biyun kuwa na san an taɓa su, in ba haka ba da ba su karanta filash ba.

Sannan ga ƙwallon da yara ke bugawa. Gem na ƙarshe da aka fitar wa PS2 a hukumance shi ne PES 2014. Duk wanda ka gani an rubuta 2023 ko 2024 a kansa, da sababbin 'yan wasa da sababbin riguna, wasu samari ne suka ɗauki tsohon na Konami, kamfanin da ya yi PES, suka yi masa kwaskwarima. Ba shi da orijina a ko'ina a duniya, don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da orijinansa ya gama da kai. Kuma ko ka sami faifai na gaske, ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalin: an ce don amfanin gida ne kawai, ba a yarda a karɓi kuɗi a kansa ba. Ka ga ke nan shawarar abokinka na biyu, ko da ka bi ta har ƙarshe, ba za ta kai ka inda ya ce ba.

To mi za ka yi?

Turi ka daina shi. A nan ba ni da wata-wata. Shi ne wurin da kake ƙirƙiro sabon kwafi da hannunka ka karɓi kuɗi a kai, doka da malamai duk sun haɗu a kansa. Kuma bari in ja kunnenka kan wani abu da ka wuce ta kansa da gudu. Wasiƙarka duk a kan gem take, amma ka ce kana tura fina-finai, ka faɗe shi kamar ba komai ba. In na Hausa ne a ciki, masu su ba a Japan suke ba. Suna Kano, suna Kaduna, suna Jos, mota ɗaya za ka shiga ka same su. Duk wanda ya san Ƙofar Wambai a zamanin kaset da sidi ya san irin cinikin da ake yi a wurin, ya kuma ga yadda kwafi da turi suka taimaka wajen kashe wannan kasuwa, har masu shirya fim suka koma neman abinci a YouTube. Ni da a ce zan rasa barci a kan wani haƙƙi a shagonka, a kan na mai ɗaukar hoton da aka yi fim ba a mayar da kuɗi ba zan rasa shi, kafin in kai kan Sony. In akwai hanyar da za ka sami izinin turi daga mai fim ko wakilinsa ka biya, ka bi ta. In babu, ka bar shi. Gem na waya kuwa akwai na kyauta da yawa waɗanda masu su da kansu suka sake, kana iya taya mutum saukewa da saitawa ka karɓi ladan aikinka da datarka.

Gidan gem ɗin ba zan ce ka rufe shi ba. Yaron da ya ba ka kuɗi ya zauna minti goma, yawancin abin da ya saya naka ne: inji, talabijin, hannu, fanka, benci, da man da ya fi komai tsada. Akwai ƙura a ciki, ban ɓoye maka ba, amma ƙura ce da ake sharewa a hankali. Ka duba abin da ake bugawa da gaske. Na tabbata cikin gem ɗari da ke filash ɗinka, uku ko huɗu ne ke kawo kuɗi. Sauran ka goge su. Waɗannan ukun, bayan biki in hankali ya kwanta, ka nemi na gaskiyarsu ɗaya bayan ɗaya a hannun wanda zai yarda ka gwada kafin ka biya. Faifan PS2 kowace kwamfuta mai ɗaukar DVD tana karanta shi, don haka kana iya ciro fayil daga naka ka ajiye faifan kada yara su karce shi. In kuma Allah ya buɗa ka tashi sauya inji, ka sani tun 2021 Konami ya mayar da ƙwallonsa eFootball, wanda ake saukewa kyauta da yardarsa. Yana cin data, kuma PS2 ba zai ɗauke shi ba, amma maganar kwafin sata ba ta taso a kansa.

Kuɗin da ka riga ka tara kuma, ka zauna da littafin shago, in kana da shi. In babu, ka yi kirdado tsakaninka da Allah: nawa ne na caji, nawa ne na buga gem, nawa ne na turi. Sadaki ka fitar da shi daga na caji. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma ko iyayenta sun yanka fiye da haka, ka san ba shi ne ke cinye kuɗin aure ba, akwatuna ne. Kason turi ka ware shi gefe, ka je wajen malamin da ya san fiƙihun ciniki ka tambaye shi yadda za ka yi da shi. Amma ka yi masa bayani yadda na yi maka, da misalin littafi da fotokwafi. In ka je ka ce kawai "Malam, kuɗin gem halal ne?" amsar da za ka samu ta wata tambaya ce daban, wataƙila ma a kan caca ko ɓata lokaci.

Tunda na ambaci caca, ga wani abu da ba ka tambaya ba. Na san al'adar gidan gem: wanda aka ci shi ne zai biya. Malamai da yawa suna ganin wannan ya shiga gonar caca, tunda kowa ya zauna bai san ko zai biya ko zai buga a banza ba. Ka sa doka kowa ya biya nasa kafin ya ɗauki hannu. Kuma yaron da ka gani da kayan Islamiyya da ƙarfe huɗu, allo ko jaka a ƙarƙashin benci, ka kore shi, ko da shi kaɗai ne kwastoma a ranar. Uwarsa ta fi Konami kusa da kai, kuma ita in ta yi Allah ya isa ba ta buƙatar lauya.

Inna kada ka ɗaga mata hankali, ba abin da za ta ji sai kalmar haram, ta kwana tana kuka. Yayanka ne ya kamata ya sani, don jarinsa ne, kuma in ka daina turi cinikin zai ragu na ɗan lokaci, gara ya ji dalili daga bakinka. Yarinyar kuwa, in ya zama dole akwati ɗaya ya ragu, ka faɗa mata gaskiya tun yanzu, kafin ƙannen babanta su zo ganin lefe su ƙirga.

Ustazun kuma ka kai masa katin biki da hannunka. In ya sake cewa sata, ka tambaye shi littattafan PDF nawa ne a wayarsa, da kuma wa ya biya.